Mahaƙin Rijiya da Watannin Mushtari

Tanimu, sauke tagumin nan. Tun da ka ce ka gaji, matso in ba ka misali.

An yi wani mahaƙin rijiya a wani ƙauye da ruwa ya ƙafe musu. Ya haƙa gaba goma sha huɗu, sai diga ta ci karo da baƙin dutse, in ya sara sai tartsatsin wuta. Mutanen gari suka ce in Juma'a ta zagayo ba ruwa, za su kwashe komatsansu su tashi, su bar gonaki da kushewun iyayensu. Bawan Allah ya fito daga rami ya zauna, abin duniya ya ishe shi. Bayan magariba sai malamin kimiyya na makarantar garin, wanda ya kafa madubin hangen nesa a fili, ya yafito shi ya zo ya leƙa ko ya rage zafi. Ya leƙa, ya ga wani farin dunƙule da ɗigo huɗu a jere kusa da shi. Malamin ya ce wannan ita ce Mushtari, babbar yaya cikin duniyoyin da ke kewaya rana, amma duk girman nan tarin iska ce, ba inda za ka sa ƙafa. Ɗigon nan kuwa watanninta ne. Ɗaya daga cikinsu ƙanƙara ta rufe shi ruf, amma masana na kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashinta, wanda ya fi duk ruwan duniyarmu yawa.

"Wa ya je ya gano musu, Malam?" in ji mahaƙi.

"Ba wanda ya je. Tsagar da ke jikin ƙanƙarar na cikin alamun da suka duba."

Kunya ta kama mahaƙi. Kai jama'a! Wasu na duba tsaga a wata uwa duniya, shi kuwa kwana tara yana jibgar dutse kamar wanda ya zagi ubansa, bai taɓa durƙusawa ya dube shi ba. Da safe ya sauka da fitila, ya share ƙura, ya bi dutsen da tafin hannu har ya ji wata tsaga siririya kamar zare. Ya kifa ƙwarya a kanta, tsohuwar dabarar mahaƙa da gaggawa ta sa ya manta. Da la'asar ya buɗe, ya tarar cikin ƙwaryar ya yi gumi, alamar akwai ruwa a ƙarƙashi. Nan ya kafa ƙarfe, ya bi tsagar da guduma. Ranar Alhamis da hantsi dutse ya dare, sanyin ruwa ya taɓa masa ƙafa, ƙato da gemunsa ya fashe da kukan murna. Wata tsohuwa da ta riga ta ɗora kayanta a kan jaki ta sauke, ta kwance ƙunshi tana laluben guga.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.