Baƙin da Suka Ba Humaira Shawara

Malam Badamasi ya ajiye komar kamun kifin da yake gyarawa. Jikarsa Humaira ce ta ce ilimin zamantakewa za ta karanta a jami'a, irin na masu shiga ƙauyuka suna tambayar mutane yadda suke rayuwa.

"Na san su," ya ce. "Kafin ruwan Tiga ya cinye tsohon garinmu, su suka fara zuwa. Da fara'arsu, suna tambayar ina gonaki, ina maƙabarta. Wa ya ba ki wannan shawarar?"

"Wasu baƙi ne, Kaka, jiya a kasuwa. Masu kirki. Har rakiya na yi musu."

Gabansa ya faɗi. "Zuwa ina?"

"Maƙabarta suka ce in nuna musu."