Ranar da Tasalla ta Ƙi Amsa Gaisuwa

Tun da aka kafa dokar awarwaron diyya, masu rauni a Gusau suka daina cewa "da sauƙi". Kotu ce ke ɗaura wa mai ƙara awarwaron, shi kuwa awarwaron yana sauraron duk abin da ya faɗa, kuma da zarar ya furta cewa ya sami sauƙi, ƙararsa ta mutu.

Tasalla ta wayi gari da ɗoki, domin a yau za a yanke hukunci tsakaninta da kamfanin da motarsa marar direba ta karya mata ƙugu. Idan ta ci, kamfanin zai ɗauki nauyin aikin asibiti, ta koma kan keken ɗinkinta.

"Yaya, ki daure," in ji ƙanenta Sallau yana tura kujerarta mai taya. "Yau ko liman ne ya gaishe ki, ke kurma ce."

A bakin kotu lauyan kamfanin ya durƙusa har ƙasa.

"Sannu Hajiya, yaya jikin?"

Amsar ta taso har kan harshenta. Ta cije leɓe, ta kawar da kai, kunya kamar ta nutse.

Alƙali ya ba ta gaskiya, amma ya ce awarwaron zai zauna sai an gama aikin. Sallau ya turo ta gida da gudu, suna dariya kamar yara.

Mahaifiyarsu tana kan darduma tana jiransu.

"Alhamdulillahi. To, yaya jikin, Tasalla?"

Tasalla ta dubi hannunta.

"Yana nan, Inna."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta.

"Ba haka na koya miki ba."