Numfashi a Layin Kamfanin Citta

Ƙarfe huɗu na yamma na cika, abin ya sake shigowa. Direban da ke magana daga Kwoi ya ɓace a tsakiyar kalma, sai wani shuuu ya rufe layin, a ƙarƙashinsa kuma ana jin numfashin mutum, a hankali, kamar na mai jiran wani.

Afiniki, mai kula da rediyon oba-oba na kamfanin citta a Kafanchan, ta cire abin kunnenta ta yi addu'a. Gregory, injiniyan kamfanin, ya duba agogo ya rubuta lokacin.

Motoci goma sha ɗaya da rumbuna huɗu ne ke kan layin nan, kuma minti goma kullum babu mai jin wani. Abin ya daɗe, ana haƙuri da shi, har ranar da wata mota ta kife a hanyar Zonkwa cikin daminar 1991, direban ya yi ta kiran taimako ba a ji ba, ƙarshe aka yanke masa ƙafa. Manaja ya ba Gregory mako guda ya gano tushen abin.

Direbobi sun ce fatalwa ce. Wasu har suna suka sa mata: Abdu, abokin aikinsu da aka tsinci motarsa a ƙone ranar da gari ya rikice a 1987, shi kuwa ko takalminsa ba a gani ba. Duk lokacin da aka fara wannan hira, Gregory yakan tashi ya koma ɗakin gyara.

Ya kashe rediyoyin kamfanin ɗaya bayan ɗaya, numfashin bai tafi ba. Ya zargi na 'yan reluwe, ya je ya auna, ba su ba ne. Ya sauya layi, kwana biyu aka samu lafiya, a na uku abin ya biyo su. Ranar bai iya cin abinci ba.

Sai ya ɗaura eriya a kan sanda, ya goya Afiniki a babur. Ita ke magana da ofis, shi yana juya sandar yana kallon allurar na'urar awo. Yamma uku, wuri uku, kowanne ya ja layi a taswira. Layukan suka haɗu a bayan kasuwa, kan wani gida mai jan ƙyaure.

Gidan matan aure ne, don haka ya tsaya a zaure, Afiniki ta yi sallama ta shiga. Tabarmar kaba ce kawai tsakaninsu, yana jin komai.

"Mama, wannan abin na hannunki, a ina kika samu?"

"Na maigidana ne, Abdu. Ni ce Maijidda. Guda biyu gare shi, ya bar mini ɗaya don in riƙa jin ya kusa gida."

"Kin san kina rufe mana layi? Mutum ya rasa ƙafa, Mama. In kiransa kike yi, ki yi haƙuri, ba zai amsa ba."

Matar ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, ban sani ba. Amma ba Abdu nake kira ba, 'yata. Ranar da ya ɓata ina riƙe da abin nan na ji ya tambaya ko ya tsaya a Zonkwa. Wani ya ce masa, hanya lafiya, taho. In na danne maɓallin na saki, kowa sai ya yi magana yana faɗa. Da muryoyin suka ɓace kwanaki, na yi ta murɗa shi har na sake samun ku. A haka na ji muryar mutanenku kaf. Ta wanda ya ce masa ya taho ce kawai ban sake ji ba, shi nake nema. Tambaya ɗaya zan yi masa, shi ke nan."

Afiniki ta fito da rediyon a hannu, idonta ya yi ja. Bayanta aka ɗaga tabarma, Maijidda ta leƙo.

"Sannu da aiki, Injiniya. Ka yafe mini wahalar da na ba ka."

Gregory ya rusuna, ya dafa ƙirji, bai bari ta ji muryarsa ba. Shi ne a kan rediyo ranar da Abdu ya ɓata, hayaniya ta cinye gargaɗin da aka turo daga Zonkwa, bai nemi a maimaita ba, ya ce masa ya taho. Tun ranar bai sake magana a layin ba.