Kwalbar Tatay Celso

Efren ya tuntsurar da kwalbar a kwatar bayan kicin, kunnensa na kan ƙofa. Anisado ɗin da ke ciki, giyar nan mai ƙamshin tsiron anis, ya bi ruwan wanke-wanke garau ya wuce.

Shekara bakwai yana aikin jirgin ruwa. Dalilin tafiyarsa ma wannan kwalbar ce: ya taɓa ɓoye ta, mahaifinsa, Tatay Celso, cikin maye ya fasa masa leɓe, ya watso masa kaya kan titi a garinsu, Iloilo. Jiya ya dawo, ƙanwarsa ta raɗa masa abin da likita ya ce: hantar tsohon ba za ta ƙara ɗaukar giya mai ƙarfi ba. Amma kowace Asabar sai ya tara abokai ya yi haɗinsa.

Efren ya sami ƙaramar tukunya a bayan murhu, da gwangwanin 'ya'yan anis da aka ci rabinsa. Ya tafasa su da sukari, ya tace, ya bari ya huce, ya ɗura a kwalbar.

Abu ɗaya ya hana shi sukuni. Anisado na gaske, irin mai ƙarfin da ake kawo wa tsohon daga ƙauye, da ya haɗu da ruwa ko giyar inabi sai ya yi fari kamar an ɗiga madara. Nasa ba zai yi ba.

Da yamma aka zauna ƙarƙashin mangwaro, kofi ɗaya tak a tebur, yadda aka saba, yana zagayawa hannu zuwa hannu. Tatay Celso ne mai zubawa. Ya sa ƙanƙara, ya zuba cikin murfi ɗaya na jar giyar inabi, ya ɗauko kwalbar.

"Matuƙin jirgi ya ga duniya, amma hannunsa na rawa," in ji Mang Berting, aminin tsohon. "Ko teku ce ta biyo ka gida?"

Efren ya yi yaƙe. Jakarsa tana bayan ƙofa, bai ma kwance ta ba.

Tsohon ya tsiyaya. Kofin ya tsaya ja, garau. Ya ɗiga na farko a ƙasa don waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ɗaga sauran ga haske, ya daɗe yana kallo. Ya kurɓa. Ya ajiye a hankali.

"Wa ya taɓa mini kwalba?"

Efren ya ji tsohon tabon leɓensa yana zugi.

"Ni ne, Tatay."

Mang Berting ya karɓi kofin ya ɗanɗana, ya yamutse fuska, ya kau da kai yana danne dariya.

Tatay Celso ya tura wa ɗansa kwalbar.

"Ka cika sukari. Cokali biyu nake sawa in zan dafa nawa, a ƙaramar tukunyar nan, tun ranar da na kore ka."