Solar Gidan Labbo

Wasila na goge ƙura a kan farantan sola ta ji rugugin babura. Rana tsaka, babu wajen gudu. Ta sunkuci ɗiyarta, ta tura ta ƙarƙashin farantan, ta tsaya ta kare ta da zani.

Jiya-jiyan nan aka gama kafa su a tsakar gida, kan ƙafafun ƙarfe, tunda rufin ƙasa ba zai ɗauke su ba. Burinta ɗaya ne: injin rijiya ya tashi, ta daina zuwa rafin da ake kwashe mata.

Mutum shida suka shigo da bindigogi. Mijinta Labbo ya durƙusa.

"Ku kwashe duka, don Allah. Ku bar muna rai."

Babbansu ya shafa gilashin, ya yi dariya. "Mu kwashe mu kai ina, Malam? Wa zai kula da shi cikin daji?"

Ya zazzage jaka. Wayoyi suka zubo, sun fi talatin.

"Sa muna caji. Kullum muna tafe. Ku kuma kada mu ji an ce kun yi ƙaura."

Wasila ta zuba wa wayoyin ido. Ta san abin da 'yan sa-kai ke yi wa gidan da aka ce yana yi wa 'yan daji hidima.

Ta dubi ƙafafun ƙarfen. Ita ce ta nace a zuba musu siminti har gwiwa, don kada ɓarawo ya iya tumɓuke su.