Matashin Malam Isuhu

A unguwarmu ana cewa Goggo Tasalla mace ce mai taurin rai, don har ta gama takabar mijinta, Malam Isuhu, ba wanda ya ga hawayenta.

Ranar da ta fita takaba, ta naɗe matashin kansa a zane ta nufi shagon Nafi'u mai wankin mafarki. Matasan kai na yanzu suna riƙe mafarkin mai su, ana wanke shi kamar hoto.

"Na ƙarshe za ka wanko mini," in ji ta. "Da faɗa muka kwanta. Ya yi mini magana, na juya masa baya, da asuba babu shi. So nake in san ko da fushina ya tafi."

"Goggo, mafarki fa ba shaida ba ne. Ƙwaƙwalwa ce ke 'yan share-sharenta."

"Kai dai kunna, ɗan nan. Ba karatu na zo ɗauka ba."

Ya kunna. Sai ga Malam a kan keke yana tuƙi a saman kogi, ya goyo ta a baya, yana ta ƙyaƙyata dariya. Can sai tallan sabulu ya ratso.

"Wannan ba nasa ba ne," in ji Nafi'u. "Kowa ana sa masa."

Ba ta ma ji shi ba. Ta sauke ajiyar zuciya, ta goge ido da bakin mayafi.

"Ji mutum! Ina can ina kumburi, shi yana yawo da ni." Ta matso kusa da hoton. "Malam, ka yafe mini. Gaskiyarka ce, gishiri ya yi wa miyar yawa."