Hanyar Zangon Kada

Ruwa ya riga ya shanye titin Guri lokacin da Rilwanu ya sake duba kwamfuta. Shi ke kula da na'urorin wata ƙungiyar agaji a Haɗeja, kuma manhajar da ke gabansa shi ya rubuta abarsa. Aikinta ɗaya ne, ta tambayi kwamfuta jadawalin hanyoyin sadarwarta. Kowane ƙauyen fadama yana da akwatin sadarwa a kan turke. Da zarar ruwa ya kai akwatin, hanyar ƙauyen sai ta ɓace daga jadawalin, a tura ceto can.

Kwalekwale mai inji kuwa ɗaya ne tal, na Shu'ibu masunci.

Hanyoyi suna ta ɓacewa suna dawowa kamar fitilar da mai ya kusa ƙare mata. Ta Zangon Kada ce kaɗai ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Can mahaifiyarsa Hajja take, tsohuwa mai ciwon gwiwa da taurin kai. Da rani ta ishe shi da mita, wai duk ya kira ta muryarsa yankewa take yi, har sai da ya zauna ya yi wa abin gyaran gaggawa. Tun daga nan ya huta da ƙorafi.

"Malam, in biya ta wajen Hajja?" in ji Shu'ibu daga bakin ƙofa.

"Ga hanyarsu nan garau. Ka je ƙauyukan da tasu ta ɓace."

Rilwanu ya kira wayar Hajja ba ta shiga, ya ce a ransa caji ne ya ƙare. Har wani daɗi ya ji a ransa, don ba wanda zai ce ya fifita nasa a kan na wasu.

Washegari da la'asar Shu'ibu ya shigo ba sallama, jiƙe sharkaf. Ya dire wani akwati cike da laka a kan tebur.

"A cikin ciyawar kacalla na tsinto shi, Malam. Na Zangon Kada ne. Ko jinkar ɗaki ɗaya ban gani ba."

Rilwanu ya dubi akwatin. Ya waiwaya ga kwamfuta. Hanyar tana nan garau, alhali ga akwatinta matacce a gabansa.

Sai a lokacin ya tuna irin gyaran da ya yi da rani. Don Hajja ta daina mita, shi da hannunsa ya rubuta hanyar nan ya kafe ta a jadawalin, yadda ba za ta taɓa ɓacewa ba, ko akwai ƙauyen ko babu.